Banki bai san saki ba

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu, malamai, 'yan uwa maza da mata mazauna Ingila, barkanmu da wannan zama. An ce in yi bayani kan gidan da aka saya da bashin banki idan aure ya mutu. Allah ya raba mu da ganin ranar, amma gara a sani.

Idan miji da mata suka sa hannu a kan bashin fam 200,000, ba wai kowa na da 100,000 a wuyansa ba. Banki na iya bin kowannensu duka kuɗin. Maigida ya kwashe kayansa ya daina biyan rabinsa, to watan da aka tsallake zai shiga tarihin bashin su biyun, kuma tabon sai ya shekara 6 kafin ya goge.  Gidan da aka saya ta bankin Musulunci ma bai tsira ba, duk wanda ya sa hannu yana ciki.

Inda abin ya fi ciwo shi ne dangi. Sau da yawa albashin ma'aurata bai kai ba, sai a roƙi yaya ko ƙani ya ara musu sunansa a kan bashin. Ba ya kwana a gidan, wani lokaci ma sunansa ba ya kan takardar mallaka, amma wasiƙar banki za ta same shi har ƙofa. Haka kawun da ya ba da kuɗin kafin alƙalami: banki kan sa shi ya rubuta cewa kyauta ce. Ranar rabuwa ya ce ai rance ne, takardar da ya sa wa hannu za a nuna masa. In rance ne, a faɗa wa lauya da banki tun farko, a rubuta kason kowa. Kunya ba hujja ba ce a gaban alƙali.

Iyaye mata, ku saurari wannan. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta ce auren da aka ɗaura a nan Ingila ba tare da cika ƙa'idar rajista ba, doka ba ta ɗauke shi aure ba. Ke nan alƙali ba zai raba dukiya kamar na ma'aurata ba, sunan da ke takardar gida zai fara dubawa. Wadda aurenta ke da rajista kuwa, ko sunanta ba ya kan gidan, tana iya shigar da haƙƙinta na zama a ofishin rajistar filaye kyauta, don kada a sayar ba da saninta ba.

Cire suna daga bashi ba ya yiwuwa sai banki ya yarda wanda ya rage zai iya biya shi kaɗai. In bai yarda ba, ko a sayar, ko kotu ta jinkirta sayarwa har autan yara ya kai 18.

Sulhun da dattawa suka yi a falo yana da albarka, amma a kai shi lauya ya rubuta, alƙali ya buga hatimi. Tun Afrilun 2022 akwai jiran mako 20 bayan an shigar da buƙatar saki a kotu, sannan mako 6 kafin takardar ƙarshe ta saki. A gama maganar gida a cikin wannan tsakanin, domin wanda ya sake yin wani auren rajista alhali bai shigar da buƙatarsa ta rabon dukiya ba, ƙofar ta rufe masa.

Na gode. Mai tambaya ya ɗaga hannu.