Katakon raket mai kabon: wanne ya dace da mai kai hari?

Salamu alaikum 'yan ƙwallon tebur na Damagaram, daga Birni har Zango. Yau kan katakon raket za mu tsaya, wato itacen da ake manna roba a kansa. Da zarar yaro ya fara iya murɗa ƙwallo, sai 'yan fadarsu su ce masa lokacin sayen kabon ya yi, shi kuma ya aika Kano a nemo masa wanda ya fi kowanne gudu. A nan ake asarar kuɗi, kuma wasan yaro ya koma baya. Kabon yana da amfani sosai, amma sai ka san a ina aka shimfiɗa shi.

Ku dubi gefen katako mai kabon da kyau. Za ku ga layi-layi kamar an jera takardu. Galibi guda 7 ne, 5 na itace, 2 na kabon, su ne siraran masu duhu. Dokar hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ITTF, ta ce aƙalla kashi 85 cikin 100 na kaurin katako dole ya zama itace, kuma kowane layin kabon kada ya wuce milimita 0.35. Ke nan ko wanda ake kira "mai kabon" ɗin, galibinsa itace ne. Abin da zai ba ku sha'awa, koto da limba da obece da manyan kamfanonin Japan da Sin ke amfani da su, itatuwan dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne. Obecen nan da kafintoci suka sani, shi ne a tsakiyar raket da yawa.

To me ya sa kabon ya cika gari? A shekarar 2000 an ƙara girman ƙwallo daga milimita 38 zuwa 40. A 2008 aka hana gam ɗin da ke ƙara wa roba gudu. Daga 2014 kuma aka koma ƙwallon leda, wadda ba ta ɗaukar murɗa kamar ta da. Kowane canji ya rage wa bugu kaifi, sai 'yan wasa suka nemi ƙarfin a jikin katako. Kabon yana sa katako ya yi tauri, ya rage kakkarwa a hannu, ya kuma faɗaɗa wurin da bugu ke fita daidai, ko da ƙwallo ba ta sauka a tsakiya cif ba.

Yanzu ga inda nake so ku kasa kunne. Shimfiɗar kabon iri biyu ce.

A iri na farko, kabon yana ƙarƙashin itacen farko kai tsaye. Shi ne kabon na waje. Ko taɓa ƙwallo ka yi, ka taɓa kabon, sai ta fice nan take, a miƙe, ƙasa-ƙasa. Viscaria na kamfanin Butterfly haka yake, kuma da shi Zhang Jike na ƙasar Sin ya yi suna, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Katakon Timo Boll ALC, mai sunan ɗan wasan Jamus, shi ma ɗan gidan ne. Idan kana tsayawa dab da tebur, kana tarbar ƙwallo tun tana tasowa, kana mayar da hari da hari ta gaba da ta baya, wannan zai yi maka daɗi. Sharaɗin shi ne hannunka ya riga ya faɗa. In bai faɗa ba, karɓar sabis zai zame maka wahala, gajeren bugu ya riƙa tashi sama, abokin karawa yana ta kashewa.

A iri na biyu kuwa, itace biyu ne a sama kafin a kai ga kabon, yana kwance kusa da tsakiya. Kabon na ciki ke nan. A bugu mai sauƙi kamar itace zalla yake, ƙwallo tana ɗan zama a kan raket, ka ji ta a yatsunka, ka murɗa ta yadda kake so. Sai ka saki hannu da ƙarfi sannan kabon ya amsa. Hurricane Long 5 na kamfanin DHS, wanda aka yi da sunan Ma Long, ɗan wasan ƙasar Sin, irin wannan ne, haka ma jerin Innerforce na Butterfly. Ni a ganina, mafi yawan masu kai hari a garin nan, waɗanda ba su da koci kullum, wannan ya kamata su fara da shi. Harin da ke cin maki yana farawa ne daga ɗaga ƙwallon da aka yanko maka, kuma ɗagawar tana son katakon da ke riƙe ƙwallo. Ku tuna Aruna Quadri na Najeriya da ya doke Timo Boll a Riyo a 2016, ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas a Olamfik. Ku kalli bugunsa, daga ƙafa da ƙugu ƙarfin ke tasowa.

Haruffan da ke jikin mariƙi kada su ruɗa ku. ALC kabon ne da aka saƙa da zare mai tausasa bugu. ZLC yakan fi shi zafi da tsada. Wanda bai daɗe da barin itace zalla ba, ALC ya ishe shi.

Nauyi kuma, yawancinsu tsakanin giram 80 da 90 suke kafin a sa roba. In robar Sin mai tauri da danƙo za ka manna, tana da nauyi, don haka kada ka ɗauki katako mafi nauyi, wuyan hannunka zai gaji tun kafin a gama wasa. Mariƙi mai buɗaɗɗen ƙarshe ba ya zamewa in gumi ya jiƙa tafi, miƙaƙƙe kuma ya fi sauƙin juyawa. Riƙe ka ji, hannunka ne zai zaɓa.

Jabu ya yi yawa. In an ba ka Viscaria a kuɗin da bai kai na roba ɗaya ba, ajiye shi. Duba gefen, layukan su tafi santal ba tare da gam ya tsattso ba. Ka saki ƙwallo a kan katakon tsirara ka saurara, mai tauri ƙararsa siririya ce, mai taushi tasa ta fi kauri.

In ka saya, zafin watan Afirilu da Mayu na garin nan ba ya raga wa gam da roba. Kada ka bar raket a akwatin babur ko cikin mota a rana. Sa shi a jakarsa, ka goge ƙurar hunturu da ɗan tsumma mai laima bayan kowane wasa. Kafin ka manna robar farko, shafa wa fuskar katakon fanis siriri sau ɗaya tak, musamman in limba ce a sama, don kada itacen ya ɓantare ranar da za ka ɓare robar ka sa sabuwa.