Amsoshin Tambayoyinku: Tsakanin "tea" da shayi

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani malamin firamare a Funtuwa. Ya ce ɗalibansa sun tsare shi da tambaya: me ya sa Bature ke cewa "tea", mu kuma mu ce shayi, wani lokaci ma mu ce ti? Akwai dangantaka, ko hanyar jirgi daban, ta mota daban?

Malam, na ji daɗin wannan tambaya, domin karin maganar da ka kawo ita ce amsar. Kalmomin nan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, hanya ce ta raba su.

Asalin ganyen ƙasar Sin ne. Sinawa da harafi ɗaya suke rubuta sunansa, amma furucin ya bambanta. Akasarinsu "cha" suke cewa, mutanen lardin Fujian da ke bakin teku kuwa su ce "te".

"Cha" ta bi ayarin fatake ta ƙasa. Farisawa suka ce "chai", haka mutanen Indiya da Turkiyya da Rasha. Larabawa suka ce "shay", mu kuma daga bakinsu muka karɓa muka mai da ita shayi.

"Te" kuwa jirgin ruwa ta hau. 'Yan kasuwar Holan ne suka fara kai ganyen zuwa Turai wajen 1610, kuma daga masu cewa "te" suka ji sunan. Daga nan ya shiga Faransanci da Ingilishi. Wani ma'aikacin gwamnati a Landan, Samuel Pepys, ya rubuta a kundinsa ranar 25 ga Satumba, 1660 cewa ya aika an kawo masa kofi ɗaya na wannan abin sha na Sin da bai taɓa ɗanɗanawa ba. A lokacin ma Ingilawa "te" suke furtawa, daga baya ne ta koma "ti". Ita ce Turawan mulkin mallaka suka iso mana da ita. Ka ga ke nan Bahaushe ya karɓi kalma ɗaya sau biyu, ɗaya daga Balarabe, ɗaya daga Bature. Ka gaya wa yaran nan haka, malam, na tabbata ba za su manta ba.

Ta biyu daga wata baiwar Allah ce mai karatu a Manchesta. Ta ce maƙwabciyarta ta gayyace ta "tea" da ƙarfe shida na yamma, sai ta ci tuwonta ta ƙoshi kafin ta tafi. Tana shiga ta tarar an jera dankali da kifi da wake a kan tebur. Ita ce ba ta fahimta ba?

Malama, ba laifinki ba ne. A arewacin Ingila da Sikotilan, musamman gidajen ma'aikata, "tea" na nufin abincin dare baki ɗaya, ko da babu buta a wurin. Wanda ake sha da 'yar cincin da burodi bayan la'asar shi ne "afternoon tea", al'adar da ake dangantawa da matar wani basarake na Bedford wajen 1840. In kuma kika ji sun ce abu "not my cup of tea", nufinsu bai kwanta musu a rai ba.

Mu ma ai mun faɗaɗa tamu. Ki tsaya teburin mai shayi da asuba, ki ga an zuba Milo da madara a ruwan zafi, yana sheƙa shi daga wannan kofi zuwa wancan don ya huce. Babu ganye ko ɗaya a ciki, amma wanda ya saya shayi ya ce a haɗa masa.

Saboda haka in ta sake gayyatarki da ƙarfe shida, ki tafi da yunwarki, ki kuma shaida mata tun da wuri abin da ba kya ci.