Korona da Zuciyar Wanda Aka Yi wa Dashe

An rubuto wannan lacca ne daga faifan sauti. Wani likitan zuciya ne ya gabatar da ita a Sakkwato, gaban waɗanda aka yi wa dashen zuciya ko ƙoda da iyalansu.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena maza da mata, 'yan uwa ma'aikatan lafiya, barkanmu da yamma. Ku da kuka zauna can bakin taga inda iska ke shigowa, kun iya zaɓen wuri, kada kowa ya tashe ku.

Da aka faɗi abin da zan yi magana a kai, na ga wasu suna murmushi, wai ai korona ta wuce. Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kanta a watan Mayun 2023, amma ƙwayar cutar ba ta ji sanarwar ba. Tana nan tana yawo cikin mura da tarin da muke yi, musamman lokacin hunturu. Mai cikakkiyar garkuwa zai yi 'yan kwanaki ya miƙe. Ku lissafinku daban ne.

A ranar 3 ga Disamban 1967, Dakta Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a duniya, a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu. Mutumin da aka yi wa, Louis Washkansky, ya rayu kwana 18. Ba zuciyar ce ta gaza ba, tana aikinta har ƙarshe. Ciwon huhu ne ya yi ajalinsa, domin magungunan da aka ba shi don kada jiki ya ƙi baƙuwar zuciyar sun kwantar da garkuwarsa. Har yau a wannan tsaka mai wuya muke. Garkuwar jiki maigadi ce. Da gangan muke sa ta gyangyaɗi da magungunan dashe irin su takrolimus da maikofenolet da firednisolon, don kada ta far wa baƙon da muka kawo gida. To, ɓarawo ma ta wannan ƙofar zai wuce.

Yaya cutar da ke shiga ta hanci take kaiwa ga zuciya? A jikin ƙwayoyin halittarmu akwai wata mashiga da ake kira ACE2, ta nan korona ke kutsawa. Ba a huhu kaɗai take ba, akwai ta a tsokar zuciya, da bangon hanyoyin jini, da ƙoda. Sai dai yawancin ɓarnar ba ta kai tsaye ba ce. Huhu ya kumbura, iskar oksijin ta ragu a jini, zazzaɓi ya sa zuciya gudu, wato an ƙara mata aiki an kuma rage mata abinci. Jini kuma ya kan yi saurin daskarewa, gudansa ya toshe hanya a huhu ko a zuciyar kanta. Wani lokaci tsokar ce ke kumbura, bugu ya rikice. Idan muka ɗebi jini muka ga sinadarin turofonin ya hau, mun san tsokar ta ji rauni, ko da mai ita yana zaune yana hira.

Na san yawancinku ƙoda aka dasa muku, wasu a Kano, wasu a Legas, wasu Indiya ko Masar. Kada wani ya ce maganar zuciya ba tasa ba ce. Kafin a kai ga dashe, zuciyar nan ta sha shekaru tana fama da hawan jini, ko ciwon suga, ko zaman wankin ƙoda. Magungunan dashen su ma suna ɗaga jini da suga. Shi ya sa ciwon zuciya yake sahun gaba cikin abubuwan da ke ɗauke masu dashen ƙoda, alhali ƙodar tana aiki lafiya lau. Korona a kan gajiyayyiyar zuciya take sauka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jikinku ba ya ihu. Firednisolon na iya danne zazzaɓi, mutum ya taɓa goshi ya ji sanyi ƙalau, alhali ciki wuta ake. Wanda aka dasa wa zuciya kuwa abin ya fi haka. Lokacin aikin an yanke jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin zuciya da ƙwaƙwalwa, don haka ciwon ƙirjin nan da ke sa mutum ya dafe haƙarƙari ya nemi asibiti, shi sau da yawa ba zai ji shi ba. Bugun zuciyarsa ma dama can ya kan kai 90 zuwa 110 a minti yana hutawa, sai a kasa gane sabon abu. Ku matan gida, ku kuka fi mu gani. Malam da ya saba takawa masallaci ya dawo ba komai, yau ya tsaya a zaure yana haki. Takalmin da yake sawa kullum ya matse shi da yamma. Da dare ya ƙara matashi biyu domin kwanciya a miƙe tana shaƙe shi. Wannan ba gajiya ba ce, ranar za a zo asibiti, ba gobe ba. Mu kanmu a nan sai mun yi hoton zuciya, wani lokaci har a ɗebo ɗan ƙanƙanin nama a duba, kafin mu rarrabe ko korona ce ko jiki ne ya fara ƙin dashen, don kamanninsu ɗaya.

Sai maganar kemis. A garin nan duk zazzaɓi na cizon sauro ne har sai an tabbatar da akasin haka, kuma kafin a tabbatar an riga an sha magani kala uku. A 2020 mutane sun yi ta haɗa kulorokwin da azitromaisin don maganin korona. Kowannensu yana iya rikita bugun zuciya, takrolimus ma haka, ga su uku a jiki ɗaya. Dikulofenak da ibufurofen da ake sha don ciwon jiki suna cutar da ƙodar da aka sayar da gona aka dasa. Akwai kuma maganin korona na gaske mai suna Paxlovid, wanda ɗan uwa zai iya aiko muku daga waje da kyakkyawar niyya. Yana hana hanta sarrafa takrolimus, sai maganin ya taru a jini ya zama guba cikin 'yan kwanaki. Ba a shan sa sai likitan dashe ya gyara sauran magungunan yana auna jini. Gudawa ma, wadda korona kan zo da ita, tana ɗaga takrolimus. Ku haɗa wannan da zafin Sakkwato na watan Afirilu, sama da digiri 40, jiki ya bushe.

Wasu kuma ta ɗaya gefen suke faɗawa. Mutum ya ji an ce maganinsa ne ke rage garkuwa, sai ya ajiye shi da kansa don jiki ya yi yaƙi. Don girman Allah kada ku yi. Mukan rage maikofenolet ko mu dakatar da shi na ɗan lokaci idan cutar ta yi tsanani, amma da awo ake yi, kuma akwai ranar mayar da shi.

Rigakafin korona ya iso Najeriya a watan Maris na 2021. Yana da amfani gare ku, sai dai jikinku ba ya amsa shi da ƙarfi kamar na sauran mutane, shi ya sa ake ƙara muku allura, kuma shi ya sa muke so mutanen gidan ma su yi. Dubiya kuwa lada ce, ban isa in hana ba. Amma mai tari ya yi tasa ta waya, sauran a shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida maimakon cunkushewa a ɗaki.

Na'am, Hajiya, ina jin ki. Tana tambaya yaushe ɗanta zai koma gona bayan ya warke. Hajiya, abu biyu ne. Masu dashe sukan daɗe da ƙwayar cutar a jiki fiye da kowa, wani lokaci makonni, don haka kada a yi gaggawa. Idan kuma an ga tsokar zuciyarsa ta kumbura, aikin ƙarfi sai bayan wata 3 zuwa 6, bayan an sake hoto. Tafiya a hankali cikin unguwa ba laifi. Ki turo mini shi ranar asibiti da katinsa da duk kwalayen magungunan da yake sha, har da na gargajiya idan akwai.