Launin Keke da Sha'awar Hawansa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gode wa shugaban taro da ya ba ni wannan dama, ina kuma gode muku da kuka bar harkokinku kuka zo sauraron batun da wasu za su ce bai kai a tara mutane dominsa ba, wato launin keke. Na tsara zan taɓo abubuwa huɗu: abin da launi ba ya yi, abin da yake yi a zuciyar mai keke, yadda rana da ƙura suke taɓa fenti, sannan yadda mutum zai zaɓi nasa.

Na farko ba zai ɗauke mu lokaci ba. Launi ba ya ƙara wa keke gudu. Gudu yana zuwa ne daga ƙarfin ƙafa, da iskar taya, da man da ke jikin kaca, da nauyin keken kansa. Fenti ma nauyi yake ƙarawa, ko da kaɗan ne, shi ya sa masu ƙera kekunan tsere suke taƙaita shi domin su kusanci kilo 6.8, wanda shi ne mafi ƙarancin nauyin da hukumar tseren keke ta duniya ta amince da shi. Na san akwai masu cewa ja ya fi sauri. A shekarar 2005, Russell Hill da Robert Barton na Jami'ar Durham a Ingila sun duba sakamakon dambe da kokawa da takwando na gasar Olamfik ta 2004 a Atina, suka ga masu sanye da ja sun ci kusan kashi 55 cikin ɗari na karawar. To amma wannan magana ce ta mutum biyu da suka fuskanci juna ido da ido, kuma daga baya wasu masana sun yi jayayya da sakamakon. Babu keke a cikin lissafin.

Na biyu shi ne ainihin abin da ya kawo ni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma keke yana cikin hanyoyi mafi araha na cika wannan adadi. Amma ku tambayi kanku, gida nawa kuka sani da keke yake jingine a zaure ko a ɗakin ajiya, tayoyinsa sun sace, gizo-gizo ya yi saƙa a kansa? Keken bai lalace ba. Abin da ya mutu shi ne sha'awar fito da shi. Ana yanke hukuncin hawa ko rashin hawa ne a bakin ƙofa, da sassafe, lokacin da jiki yake neman uzuri, kuma a wannan lokaci ido ne yake fara isa ga keken kafin ƙafa ta taɓa feda. Idan abin da idon ya gani ya faranta masa rai, uzurin yakan yi rauni.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Ai dokin ƙarfe muke ce wa keke, sirdi kuma muke kiran mazauninsa. Shi kuwa doki, tun kaka da kakanni da launinsa muke kiransa: akawal, kili, danda, gunya, bidi. Babu mai dokin da zai ce maka kili ya fi akawal gudu saboda farin gashinsa, amma je ka ce masa ya musanya nasa da wani mai irin ƙarfinsa, ka ga yadda fuskarsa za ta sauya. Ku dubi kuma yadda muke raɗa wa launuka suna: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hoda. Kowane launi mun ɗaure shi da wani abu da muka taɓa, ko muka ci, ko muka shaƙa. Saboda haka in yaro ya ce keke ruwan goro yake so, akwai abin da wannan launi yake tuna masa, ko da shi kansa bai iya faɗa ba.

Dattawan da ke gaba, kun tuna da Raleigh, wanda asalinsa daga Nottingham ne, da kuma Phoenix na ƙasar Sin da ya biyo baya. Kusan duk baƙaƙe ne, kuma da dalili: baƙin fentin da ake gasawa a jikin ƙarfe yana da araha, yana kuma jure wahala. Kamfanin Ford ma daga 1914 zuwa 1925 baƙar mota kawai ya riƙa fitarwa a samfurin Model T. To me iyayenmu suka yi da wannan baƙin? Ba su bar shi haka ba. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya naɗe jikin kekensa da zaren roba ja da kore, ya sa madubi biyu, ya rataya tuntaye a hannuwa, ya ɗinka wa sirdi riga. Kowace Juma'a da safe sai ya fito da shi tsakar gida ya goge shi da tsumma har ka ga fuskarka a jikin ƙararrawa. A ƙofar masallaci za ka tarar da kekuna hamsin iri ɗaya daga masana'anta ɗaya, amma kowa daga nesa yake gane nasa. Masana'anta ta ba su ƙarfe, su kuma suka ba shi kama.

Ku lura da abin da ke cikin wannan gogewa ta ranar Juma'a, domin nan ne maganar take. Wanda yake goge keke saboda yana son kyansa, shi ne zai fara ganin birki ya ci, shi ne zai ga kaca ta bushe, shi ne zai ga tsatsa ta fara kama ƙasan kariya. Sai ya gyara, ko ya kai wa mai gyara. Keken da aka gyara yana daɗin hawa, wanda yake daɗin hawa kuwa ana yawan hawansa. Ta wannan hanya launi yake komawa tafiya. Na maimaita: so ne yake jawo kulawa, kulawa take jawo daɗin hawa.

Bari in kai ku Italiya. A birnin Milan, a 1885, Edoardo Bianchi ya kafa kamfanin keke wanda har yau yana nan, kuma an san shi da launi guda da suke kira celeste, wani shuɗi mai haske da ya ɗan karkata zuwa kore, kamar sararin sama bayan an ɗauke ruwa. Wasu sun ce launin samaniyar Milan ne, wasu sun ce launin idon Sarauniya Margherita ne wadda Bianchi ya koya wa hawan keke, wasu kuma sun ce ragowar fentin soja ne aka gauraya. Fausto Coppi a kan Bianchi ya lashe manyan tseren Italiya da na Faransa a shekara guda, a 1949, ya sake a 1952. Marco Pantani ya yi irin wannan a 1998, shi ma a kan Bianchi. Yau mutumin da bai taɓa shiga tsere ba zai tara kuɗi ya sayi keke mai wannan launi, kuma duk sanda ya hau yana jin ya shiga sahun waɗancan. Haka rigar nan ruwan ɗorawa ta jagoran tseren Faransa, wadda aka fara a 1919, ana danganta launinta da takardar jaridar L'Auto mai shirya tseren. Ta Italiya kuwa ruwan hoda ce tun 1931, launin takardar jaridar La Gazzetta dello Sport. Launin takardar jarida ne fa kawai, jama'a, amma ga shi mazaje suna hawa duwatsu mako uku suna nemansa.

Sai dai akwai sharaɗi. A 2017 da 2018, biranen ƙasar Sin sun cika da kekunan haya, na Ofo ruwan ɗorawa, na Mobike ruwan lemo, launuka masu ɗaukar ido, amma aka wayi gari an tara dubbansu a filaye kamar tsibin shara. Launin na kamfani ne, babu wanda ya zaɓe shi da kansa, babu mai fitowa da tsumma ranar Juma'a. Saboda haka iyaye, in za ku saya wa yaro keke, ku tafi da shi kasuwa ya nuna da yatsansa. Ina ganin wata uwa tana girgiza kai a baya. Hajiya, na san zai nuna mafi tsada, amma a nuna masa biyu ko uku da aljihu zai iya, ya zaɓa a ciki.

Na huɗu... a'a, na uku muke, kuma na ga shugaban taro yana duba agogo. A taƙaice, rana ta fi saurin kashe jan fenti, baƙi yana nuna ƙurar hunturu, fari yana nuna baƙin mai, ruwan toka kuwa ya fi ɓoye datti. A ajiye keke a inuwa.

Wani matashi daga cikin masu sauraro ya ɗaga hannu ya ce: “Malam, Allah Ya ƙara basira. Ni da daddare nake dawowa daga aiki, kekena kuma baƙi ne. In na sake masa fenti fari, direbobi za su fi ganina?”

Ɗana, ka kyauta da ka yi wannan tambaya, kuma zan bar na huɗun in amsa maka sosai, domin rai ake magana. Kada ka dogara da fenti. Direban da ke bayanka ba ya ganin jikin keken. Abin da ke gabansa siririyar taya ce da bayanka. A Denmak, masu bincike na Jami'ar Aalborg sun bi mahaya kusan dubu bakwai tsawon shekara guda, rabinsu aka ba su riga ruwan ɗorawa mai ƙyalli, kuma haɗurran da suka ba da rahoto sun yi ƙasa sosai da na sauran. Ka ga riga ce ta yi aikin. Irin wannan ƙyalli ma da rana yake amfani, domin hasken rana yake sha. Da dare kuwa abin da kake bukata shi ne farar fitila a gaba, ja a baya, da kuma kyallen nan mai mayar da hasken mota. Binciken Joanne Wood a Ostireliya ya nuna cewa in an ɗaura shi a idon sawu da gwiwa, direba ya fi saurin gane mutum ne, saboda ƙafa tana juyawa.

In kuma bayan wannan ranka yana son farin keke, ka yi masa, zan ma ƙarfafa maka gwiwa. Amma a kwance tayoyi da kaca da birki tukuna, a kankare tsatsa, a shafa fentin ƙasa kafin na sama, kada fenti ya taɓa gefen gargare inda birki yake kamawa. Akwai kuma lamba da aka buga a jikin ƙarfen, galibi a ƙarƙashin inda feda take juyawa. Ka rubuta ta a takarda ka adana, kada mai fenti ya toshe ta, domin ita ce shaidarka in an sace keken. Fitilar kuwa, don Allah ka saya tun yau, kafin ka kama hanyar gida.