Yadda ake canza kan tayarod a gida

Assalamu alaikum masu kallo. In motarka tana ƙara ƙwas-ƙwas duk lokacin da ta faɗa rami, sitiyari yana wasa a hannu, taya ta gaba kuma tana cinyewa ta gefe ɗaya, to kan tayarod, wato ƙarshen sandar da ke haɗa sitiyari da taya, za ka fara zargi. Ramukan titunan Legas da ruwan da ke kwanciya a damina su ne ke kashe shi. Robar da ta rufe shi ce ke fara tsagewa, giris ya fita, ruwa da yashi su shiga, ƙwallon da ke ciki ya cinye mazauninsa.

Kafin ka tafi Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Legas, sayayya, tabbatar da ciwon. Ɗaga motar, ka kama tayar dama da hagu ka girgiza. In tana wasa, tayarod ne, sai wani ya leƙa ya ga ko na waje ne ko na ciki. In kuma sama da ƙasa take wasa, boljoyin ne ko boris, wannan aiki ne daban. Sabo za ka saya, ɗan'uwa. A wannan wuri tokumbo ba araha ba ne, don ba ka ganin cikinsa. Ka faɗa wa mai shago shekarar motar da ɓangaren, domin a motoci da yawa na dama daban yake da na hagu.

Ajiye motar a kan siminti shimfiɗaɗɗe marar gangara, ja burkin hannu, tokare tayar baya. Sassauta notunan taya tun tana ƙasa. Bayan ka ɗaga, sa ƙarfen tokara a ƙarƙashi, sannan ka cire tayar. Jak kaɗai ba ya riƙe mota ga mai buga guduma, bulon siminti kuma fashewa yake yi ba tare da gargaɗi ba.

Fesa man kwance tsatsa, ka ba shi minti 10. Fara sassauta notin da ke danne kan tayarod daga baya tun yana haɗe, don in ka raba shi tukuna, sandar za ta riƙa juyawa tare da sifana. Sa alamar fenti a kan zaren. Cire fil ɗin da ya kulle notin ƙwallon da fulaya, kwance notin amma ka bar shi a bakin zare. Yanzu buga gefen ƙarfen da kan ya shiga, bugu mai ƙarfi biyu ko uku, zai saki. Kada ka buga kan zaren kansa, baje shi za ka yi, notin ya ƙi fita.

Ga wurin da aikin yake. Kana kwance tsohon, kana ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya fita, har da rabin zagaye. Rubuta lambar. Jera tsoho da sabo ka gwada tsawo. In sun yi daidai, ɗaura sabon da wannan adadin. Zagaye ɗaya da ka ƙara ko ka rage ya isa ya karkatar da bakin taya, sitiyari ya tsaya a karkace.

A Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008, notin ƙwallon Nm 49 ake ɗaure shi (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), notunan taya kuma Nm 103. In ramin fil bai daidaita da tsagar noti ba, ƙara ɗaurewa kaɗan, ba a sassautawa baya. Sa sabon fil, ka lanƙwasa ƙafafunsa, sannan ka danne notin baya.

Ƙirgar nan za ta kai ka wurin masu alaimen (saita tayoyi) ne kawai, ba ta maye gurbinsa. Ka tafi a hankali ranar da ka gama, kada ka hau Gadar Third Mainland da gudu kafin su saita maka ita.