Cokali, Tabarma da Goyo: Taimakon Yaron da Ya Yi Nawa

An kwafo wannan laccar daga faifan da aka naɗa a wani taron iyaye da malaman Islamiyya a unguwar Mabera, cikin garin Sakkwato. Mai jawabin ma'aikaciyar asibiti ce da ke aiki da ƙananan yara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, malamaina, 'yan'uwana mata, barkanku da zuwa. Iyaye maza da na hango can baya, na ji daɗin ganinku ƙwarai, don akwai maganar da taku ce, za mu zo kanta.

A bakin aikina babu kalmar da na fi ji kamar "zai yi." Yaro ya kai wata goma bai zauna ba, a ce zai yi. Ya shekara biyu bai taka ba, kaka ta ce, "Ku bar shi, ubanai ma haka ya yi, nawar gidanmu ta." Wani lokaci kaka ta yi gaskiya, yara ba tafiyarsu ɗaya ba. Amma nawa tana da iyaka. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon bin diddigin yara masu lafiya a ƙasashe biyar, har da Ghana nan kusa da mu. Aka ga kusan dukkansu suna zama da kansu zuwa wata 9, suna tafiya da kansu kafin wata 18. To idan wata 4 ta wuce wuya bai tsaya ba, ko wata 9 ba zama, ko shekara ɗaya da rabi ba taku, ko shekara biyu bai haɗa kalma biyu kamar "Inna ruwa" ba, wannan ya wuce nawar gida. A kai shi a duba.

Me ke kawo haka? Yawancin waɗanda muke gani, in ka bi labarin za ka tarar ya faro ne daga ranar haihuwa ko kafin suna. Doguwar naƙuda a gida, jariri ya fito bai yi kuka ba. Shawara, ido ya yi rawaya, a ce a shanya shi a hantsi, har ta taɓa ƙwaƙwalwa, alhali fitilar asibiti mai shuɗin haske na kwana biyu ko uku za ta iya tare ɓarnar. Kafur ɗin nan da muke sa wa a kayan jarirai, yana tayar da shawara ga wasu yaran, don Allah a raba shi da su. Sai bakwaini, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai sa jijjiga, da tamowa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga gubar dalma a 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu, da yawa cikin waɗanda suka rayu kuma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Yanzu ga aikin namu. Mutane sun san gashi, wato sashen da ake miƙar da gaɓoɓi a ƙarfafa jiki. Mu abokan aikinsu ne, amma tambayarmu daban take. Mai gashi yana duba ko hannu yana miƙewa. Mu muna tambayar abin da hannun zai yi: zai kai lomar tuwo baki? Zai riƙe buta ya yi tsarki? Zai zura riga, ya riƙe alƙalami a kan allo? Tamu sana'a ce ta koya wa mutum ayyukan yau da kullum, da Turanci ana ce mata occupational therapy. An kafa ƙungiyarta ta farko a Amurka a 1917, a Najeriya kuma hukumar da ke yi mana rajista tare da masu gashi da masu gyaran magana an kafa ta a 1988. Akwai makarantar tarayya da ke koyar da aikin a Oshodi ta Legas. Mu kaɗan ne, a Arewa kuma mun fi ƙaranci. Babban mutum aikinsa noma ko jima ko kasuwa. Yaro aikinsa ci da wasa, a nan muke kama shi.

Zan gaya muku gaskiya, kada wani ya yaudare ku. Inda ƙwaƙwalwa ta taɓu, ba allurar da za ta mayar da ita yadda take. Amma Allah Ya yi ƙwaƙwalwar yaro da wata baiwa, idan hanya ta toshe tana iya fasa wata, muddin ana maimaita mata abu. Kafin shekara 5 ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hannun da aka bari a dunƙule shekara shida, jijiya ta gajarce, sai dai a yi maganar tiyata.

Bari in ba ku labarin wani yaro, ba zan faɗi suna ko gari ba. An kawo shi yana da shekara biyu da rabi, shawara ce ta taɓa shi. Kukan uwar ba na tafiya ba ne. Cewa ta yi kullum yana cikin tari da ciwon haƙarƙari, kuma ba ya ƙiba. Na ce ta ba shi kunu in gani. Sai ta kwantar da shi a cinya, kai ya langaɓe baya, ta yi masa ɗura kamar yadda aka koya mata. Yana ƙwarewa, idanu na hawaye, ita ma tana hawaye. Kunun nan wani sashinsa huhu yake tafiya. Ku ɗaga haɓarku sama yanzu, ku gwada haɗiye yawu. Kun ji wuya ko? To haka yake sha sau uku a rana.

Ba mu sayi komai ba. Muka samo kwalin taliya, muka yanke gefe guda, muka jingina shi a kusurwar ɗaki, muka naɗe zane biyu muka tokare shi dama da hagu, ƙafafu a dafe da ƙasa, haɓa ta ɗan sunkuyo. Kunun aka ƙara masa kauri, don mai kauri ya fi sauƙin sarrafawa a baki. Uwar ta zauna gabansa ido cikin ido, ƙaramin cokali, ta jira ya haɗiye kafin ta ƙara. Cokalin kuma muka naɗe mariƙinsa da tsumma har ya yi kaurin tabarya ƙarama, ta ɗora hannunta a kan nasa, su kai tare. Daga baya ta koma riƙe gwiwar hannu kawai. Bayan wata biyar ta shigo tana murmushi, ta buɗe leda ta fito da rigarsa duk ta ɓaci da kunu. Ta ce, "Malama, shi ya ɓata ta da kainai." Ni dai ban taɓa ganin datti mai daɗin gani irin wannan ba.

Ku lura, ni sau biyu a wata nake ganinsa, minti arba'in. Uwar ce ke tare da shi safe da yamma. Saboda haka aikina na gaskiya shi ne koyar da ita, kuma kayan aikin suna cikin gidajenku. Goyo magani ne ga yaron da ƙafafunsa ke harɗewa kamar almakashi, don yana buɗe cinyoyi, sai dai a tallafi wuya. Kwanciyar rub-da-ciki a tabarma yana farke, kina gabansa kina kaɗa masa gwangwani mai tsakuwa, ita ke tsayar da wuya. Gero a ƙwarya, a binne murfin kwalba ya lalubo, yana buɗe yatsu, kuma yana taimakon yaron da ke ƙyamar taɓa abubuwa. Amma kina zaune, kada ya kai baki. Wajen sa riga a fara da hannun da ya fi rauni. Kuma ki riƙa yi masa magana ko ba ya amsawa: ga ruwa, ga sabulu, kawo ƙafa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaron da ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki, a ce ɗan ruwa ne, a hana shi fitowa ranar biki kada baƙi su gani. Ba ɗan ruwa ba ne, ɗanku ne, kuma amana ce. Yaron da ba ya ganin yara, a ina zai koyi wasa? Ku shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida inda 'yan'uwansa ke tsalle. Malamanmu na Islamiyya, ku ba shi wuri a gaba, in ya ci da hagu don damar ta shanye, kada a tsawata masa, lalura ce.

Iyaye maza, ga taku. Uwar nan ba za ta fita sai da izininku, kuɗin keke daga Gwadabawa ko Bodinga daga aljihunku zai fito. Na ga matan da aka saka saboda sun haifi yaro irin wannan, wallahi zalunci ne. Ka zo asibitin ko sau ɗaya ka koyi yadda ake zaunar da shi. Bayan magariba ka karɓe shi minti goma, ita ma ta miƙe bayanta. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 tana nan, amma doka ba ta shiga tsakar gida sai maigida ya buɗe mata ƙofa.

Wata baiwar Allah ta aiko da takarda tana tambaya, ɗiyarta shekara bakwai, ko an makara? Hajiya, ba a makara ba. Abin da za a samu ba zai kai na wanda aka fara da wuri ba, amma ci da kai, da tsarki, da sa tufafi, ana koyonsu ko a shekara goma. Ku fara da sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, a duba jinta da ganinta, in tana farfaɗiya a ɗora ta kan magani, daga nan su tura ku sashen da ya dace. Ki tafi da katin rigakafinta, da ƙoƙon da take sha da shi a gida, da cokalinta. In an tashi ki same ni nan gefen allo, in nuna miki yadda ake naɗe mariƙin.