Man da ke ɓoye a ƙwallon aduwa

Jama'a, na baya kuna ji na? Madalla. Abu uku zan taɓo, in lokaci ya bar mu.

Na farko, shi kansa man. Ku dubi aduwa. Muna yara mukan tsotse ta, mu yi jifa da ƙwallon. Ashe arzikin muke jefarwa. In ka fasa ƙwallon nan, ƙwayar da ke ciki kusan rabinta mai ne, kuma kaso babba na man shi ne wanda masana ke kira linoleyik. Jikinka ba ya iya haɗa shi, dole sai ka ci. Wasu miji da mata ne a Amurka, George da Mildred Burr, suka gano haka a 1929 da 1930, suna gwaji a kan ɓeraye. Ɓeraye, eh, ku yi dariyarku.

To me ya sa man aduwa ke zuba kamar ruwa, man kaɗe kuwa ya daskare a kwano? Man kaɗe cike yake da wani nau'in mai da ake kira sitiyarik, ƙwayoyinsa miƙaƙƙu, suna jeruwa kamar itace a ɗauri. Linoleyik lanƙwasasshe ne, ba ya jeruwa. Ba ya jeruwa, ku riƙe wannan. Kuma ta wajen lanƙwasar nan iska ke kama shi. Kakata takan sa man aduwa a kwalba, ta toshe da tsumma, ta tura ƙarƙashin gado. In ta bar shi a rana, wari zai canza, ya yi ɗaci. Mai gadinsa a cikin ƙwayar shi ne bitamin E, wanda ke tare ɓarnar iskar har shi ma ya ƙare.

Na biyu... a'a, na uku ke nan ko? Man 'ya'yan itacen ɗanya ya fi na aduwa jure ajiya. Na kuka kuwa sai an dafa ko an tace kafin a ci.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya ko man aduwa yana maganin ciwon zuciya.

Hajiya, ga yadda ake gwajin ƙarfin irin tsiro. Akwai wani ruwa shunayya, DPPH. A ɗiga masa ruwan da aka tatso daga irin, in ya koma ruwan ɗorawa, sai a ce irin yana da ƙarfin tare ɓarnar iska. A cikin kwalba ke nan, babu hanta, babu jini. Ki ci man aduwa a abinci, amma maganin da likita ya rubuta miki, kada ki ajiye shi. An yi kiran sallah ko? To, mu tashi.